Farar fitila da haƙƙin mai tahowa a hanyar Yawuri

A cikin hunturun 2023 wata ta'aziyya ta kai ni Yelwan Yawuri, kuma kamar yadda sha'anin zumunci ya gada, ban kuɓuta daga gaishe-gaishe ba sai bayan sallar isha'i. 'Yan uwa suka ce in kwana, na ƙi, na kama hanyar Koko da niyyar yada zango a Jega. Ban yi nisa cikin ƙasar Shanga ba sai ga wata mota ta ɓullo daga kwana da fitilu farare fat masu ratsin shuɗi, ta dalle mini ido. Na rage tawa wutar, na ɗaga, na sake ragewa, wato ina roƙonsa ya sassauta, kamar yadda direbobi ke yi wa juna tun kafin a haife ni. Sai ya mayar mini da amsa, ya ɗaga tasa sau ɗaya ya sauke. Nufinsa shi ne, wancan hasken da ya hana ni gani ai shi ne ƙaramin. Da ya wuce na yi 'yan daƙiƙoƙi ba na ganin komai sai wasu koraye-koraye da ke yawo a idona. Ganina na dawowa sai ga amalanken shanu shaƙe da karan dawa a gabana, yaro na zaune a bisa. Allah Ya kiyaye birki ya kama, na tsaya da tazarar da ba ta fi taku uku ba.

Na daɗe a gefen hanya ina yi wa direban nan Allah-ya-isa, kafin in tuna cewa irin fitilarsa ce a gaban tawa motar. Wata biyu kafin nan na kai ta wurin mai wayarin ina kukan ba na gani sosai da dare, ya zaro wani kwali mai ƙyalƙyali ya ce, "Dakta, in ka sa wannan, har allura za ka tsinta a kan kwalta." Na biya, ya cire mini ƙwan halojin ya cusa na LED, na tafi ina yaba basirarsa. Tun daga lokacin nake lura masu tahowa suna ta ƙyafta mini wuta, ni kuwa ina ɗauka fitina ce irin ta direbobin haya.

Kada mai karatu ya zaci ina gaba da LED. Duk wanda ya san bakin tafkin Kainji ba zai yi wannan butulci ba. Lokacin da aka kammala madatsar ruwan a 1968, tafkin ya cinye tsohon garin Bussa da tsibirai da gonakin Gungawa da maƙwabtansu, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni, duk domin injuna 8 su samar wa ƙasa megawat 760 na lantarki. Amma ƙauyuka da dama a wannan gaɓar, daga Ngaski har Shanga, ba su mori wutar da aka sayo da ƙasar kakanninsu ba. Abin da ya fid da su daga aci-balbal da fitilar ƙwai shi ne 'yar tocila mai LED, da fitilar da ke shan rana, da wadda masunci ke ɗaurawa a goshi yana warware taru kafin asuba. Ba a banza aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014 ba, saboda shuɗin LED ɗin da suka ƙirƙiro shi ne tushen duk wannan farin haske. A mota ma, ƙwan halojin samfurin H4 yana cin wat 60 a babbar wuta da wat 55 a ƙarama, alhali da yawa daga cikin na LED ba sa cin rabin haka. Matsalata da abu ɗaya ce tak, wato cusa ƙwan LED a cikin gidan fitilar da ba domin shi aka ƙera ba.

Bari in yi bayani yadda na fahimta, bayan wahala ta sa na yi tambaya. Fitilar gaban mota ba ƙwai ba ne kawai. A bayan ƙwan akwai wani kwano mai ƙyalli wanda aka auna lanƙwasarsa daidai da wurin da ɗan siririn zaren ƙarfen nan na halojin yake zaune, zaren da ke ba da haske ta kowace fuska. Aikin kwanon shi ne ya tattara hasken ya shimfiɗa shi kan hanya, ya kuma datse shi a wani layi, ta yadda ƙaramar wuta ba za ta haura idon mai tahowa ba. Har ma an karkata layin da gangan. Tunda Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilun 1972, fitilar da ta dace da mu ita ce wadda ke sunkuyawa ta hagu, inda mai tahowa yake, ta ɗan ɗaga ta dama domin a ga mai tafiya a ƙasa da allon hanya. Shi kuwa ƙwan LED na kasuwa wasu 'yan faifai ne a manne a gefe biyu na wani ƙarfe. In suka kauce daga mazaunin zaren ko da da kaurin farce ne, lissafin kwanon ya rushe, layin ya ɓace, haske ya watsu sama da gefe. Motocin da suka fito da LED daga masana'anta, tun daga Lexus LS 600h ta 2007, an ƙera gidan fitilarsu ne tare da ƙwan, kuma ba su nake nufi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mai farar fitilar ma ba ya ganin nesa kamar yadda yake zato. Hasken yana taruwa ne a 'yan mitocin da ke gaban hancin motar, wurin ya yi fari ƙal, ƙwayar idonsa ta tsuke, can gaba kuma inda rami ko saniya take ya ƙara duhu. Zuciyarsa ta natsu, ƙafarsa ta ƙara danna totur. Lambar nan ta 6000K da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, wadda mai wayarin ya nuna mini a matsayin shaidar ƙarfi, launin hasken kawai take faɗa. Halojin yana wajen 3200K, shi ya sa yake ɗan ja-ja, kuma hasken da ya karkata zuwa shuɗi ya fi damun ido, musamman idon dattijo ko mai yanar ido.

To, a ɗora wannan kan yanayin hanyarmu. Titin da ya taso daga Kwantagora ya ratsa Yelwa ya nufi Koko da Jega har Sakkwato babbar hanyar tarayya ce, amma ba a raba hannun mai zuwa da na mai dawowa ba, tirela da tanka da ɗan acaɓa da mai keke da garken shanu duk a kanta suke gogayya. Motocin haya kuwa ba sa barin tasha sai an danƙare bayansu da buhunan albasa ko shinkafa ko kwalayen busasshen kifi, gindin mota ya zauna, hancinta ya kalli sama, fitilar da dama ba ta da layi ta koma haska rassan itatuwa da fuskokin bayin Allah. Ga kuma hazon hunturu, wanda ke kama duk hasken da ya watsu sama ya mayar wa direba a ido kamar an rataya masa farin ƙyalle. Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. In idon direba ya ɗauki daƙiƙa uku kafin ya farfaɗo, ya yi tafiyar mita 66 a makance. A cikin waɗannan mitoci ne amalanken nan yake, da matar da ke dawowa daga cin kasuwa da kaya a ka, da babur ɗin da ba shi da fitilar baya.

Aikina nazarin harshe ne, kuma ta wannan fuskar abin ya fi yi mini ciwo. Direbobinmu suna da wani harshe na dare wanda ba a makaranta aka koye shi ba. Rage wuta sallama ce da girmamawa. Ƙyaftawa sau ɗaya roƙo ne, sau biyu gargaɗi. Direban tirela ya kunna siginar da ke gaya wa na baya ya dakata ko ya wuce. Harshe kuwa ba ya aiki sai da bambanci. In ƙaramar wuta da babba duk makantarwa suke yi, to kalmar "na rage" ta mutu, saura gardama da ramuwa. Wanda aka dalle yau, gobe zai je ya sayo wadda ta fi, wani ma ya ƙara da doguwar sandar fitila a kan rufi.

Na zauna da direbobi a tashar Yelwa, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Sun ce hanya duk ramuka, babu fenti, babu fitilun titi. Sun ce tun bayan sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, da sauran hare-haren da yankin ya gani, ba mai son ya yi tafiyar hawainiya da dare, kowa na so ya hango shinge ko mutum a daji tun daga nesa. Gaskiya ne. Sai dai mai neman hangen nesa babbar wuta mai kyakkyawan saiti yake buƙata, wadda zai sauke in ya ga ɗan uwansa. Kuma sau da yawa raunin tsohuwar fitila ba laifin ƙwai ba ne. Rana ce ta dafe robar gaban fitilar ta koma ruwan ɗorawa, ko kwanon ciki ya dushe, ko tsofaffin wayoyi na shanye wutar kafin ta isa. Mai wayarin ya san duk wannan, amma goge roba da gyara waya ba su kai sayar da kwali riba ba. Wani ma sai ya yanke murfin robar bayan fitilar domin fankar da ke gindin ƙwan LED ta samu wuri, ƙura da ruwan sama su shiga su ƙarasa kwanon.

Ƙasashen da muke sayo motocinsu na hannu ba su bar abin sakaka ba. A Ingila, tun daga Janairun 2021, motar da aka sa wa ƙwan LED a gidan halojin tana faɗuwa gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, in ban da tsofaffin da aka fara hawa kafin Afrilun 1986. Jamus ta amince da wani ƙwan LED na kamfanin Osram a 2020, amma ga jerin motoci ƙayyadaddu da aka gwada ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar Turai kuma ta ce duk ƙaramar wutar da ƙwanta ya haura lumen 2,000, dole motar ta zo da na'urar wanke fitila da wadda ke daidaita saitinta da kanta in an yi lodi. Ƙaramar wutar H4 lumen 1,000 ce. Mu kuwa da muka fi su ƙura da lodi, kwalayen da ke iƙirarin lumen dubu goma ko ashirin ne a rataye a kowace rumfar kayan gyara.

Inda LED ya dace da mu ƙwarai shi ne bayan mota, wurin da ba wanda ya damu da shi. Fitilar birki ta LED tana riga ta zare kamawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wanda a gudun kilomita 100 ya ba na baya ƙarin mita 5 da ɗoriya. Tana kuma jure jijjigar ramuka. A sigina ne ake ɗan samun tangarɗa, domin na'urar ƙyaftawa kan ɗauka ƙwai ya mutu saboda ƙarancin wutar da yake ja, sai ta dinga ƙyaftawa da sauri, kuma sauya na'urar ke magance wannan. Da kuɗin da ake zubawa a gaban mota za a karkatar zuwa bayan kanta da a-kori-kura da babura, da an rage gawarwakin da ake kwasa a bayan motocin da suka lalace a kan hanya.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci na jiha, suna da hurumin duba fitila, amma binciken rana ba ya nuna inda haske ke sauka. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ita ke da alhakin abin da ke shigowa cikin kwalayen nan. Sai dai ni na fi sa rai da ƙungiyar direbobi, don ita ke da iko da wanda zai yi lodi. Bango ɗaya ya isa a kowace tasha, a Yelwa da Wara da Koko. A tsayar da mota da lodinta a fili mai daidai, mita 10 daga bangon, a kunna ƙaramar wuta. Ya kamata a ga layi sarai, kuma ya sauka wajen santimita 10 ƙasa da tsayin tsakiyar fitilar. In babu layi, ƙwan bai dace da gidan ba. In layin ya yi sama, sukurun saiti na nan a bayan fitila. Yawancin motocin da suka zo daga Turai ma suna da wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari mai lamba 0 zuwa 3, na sunkuyar da fitila in an yi lodi. Na tambayi direbobin Golf da dama amfaninsa, wani ya ce mini na ƙarar rediyo ne da ya lalace.

Da na koma gida na mayar da motata wurin mai wayarin, na ce ya cire, ya mayar mini da halojin, ya goge robar, ya duba wayoyin. Muka jira magariba muka saita ta a bangon shagon maƙwabcinsa. Ya karɓi kuɗinsa yana girgiza kai, ya ce, "Dakta, tunda nake sana'ar nan kai ne na farko da ya biya a rage masa haske." Na bar masa ƙwayayen biyu a kan benci, abin da bai kamata in yi ba. Ban gama juya mota ba na hango wani direba mai lodin Yawuri ya ɗauke su yana tayawa.