Kafin Kasa-kasanmu Su Zama Kayan Baƙi

A shekarar 1966, Moustapha Alassane, wani ɗan Nijar da ya daɗe yana zaune a Tawa, ya zana kwaɗi da hannunsa, ya haɗa ɗan gajeren fim mai suna Bon Voyage Sim, inda kwaɗo shugaban ƙasa ke tafiya ziyara cikin alfarma. Mintunansa ba su kai goma ba. Ya rasu a 2015, amma a 2017 gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya ware kwanaki domin nuna ayyukansa. Mu makwabtansa, mutum nawa ne suka taɓa jin sunansa?

Haka abin ya kasance da Shehu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976. An tsinci faifansa, cibiyar Arsenal ta Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Abin da ke jan masu tara irin waɗannan kaya ba boyayye ba ne. Abu ne da bai da na biyu, wanda mai shi ya yi don gwaji, kasuwa ba ta sa masa baki ba. Idan kwafi ɗaya ya rage, darajarsa sai ta ninka.

To, a Daura akwai irinsa jibge a ɗakunan masu ɗaukar bidiyo: kasa-kasan hawan Sallar Gani na zamanin marigayi Sarki Muhammadu Bashar, da naɗin sarauta, da 'yan wasannin da samari suka gwada ba su taɓa sayarwa ba. Ni abin da ya fi damuna shi ne sautin. A cikinsu akwai Dauranci tsantsa daga bakin tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya, da kirarin maroƙa, da karin harshen da babu ƙamus ɗin da ya iya kamawa. Zaren kaset kuwa zafi da ƙura ne ajalinsa, na'urar kunna shi ma ta yi wuyar samu.

Ina kira ga Masarautar Daura da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina su sayi waɗannan kasa-kasan da kuɗi mai mutunci, su juye su a kwamfuta, su rubuta sunan wanda ya ɗauka da shekarar ɗauka. A biya mai kaya haƙƙinsa, domin wanda aka ce ya bayar kyauta, ranar da baƙo ya taya, shi zai sayar wa.