Daga Allon Malam: Samnu Ba Nisa, Ƙafa Ce Ta Yi Nauyi

A wannan watan ba zancen ɗalibai zan yi ba, kaina zan kai ƙara gabanku, domin laifin da nake hangowa a wuyan wasu ashe yana rataye a nawa.

Ina da wani amini wanda muka yi firamare tare a Daura. Allah ya kawo mu ƙasar Fezzan neman abinci, ni ina koyarwa a Sabha, shi kuwa yana aikin gonar dabino a Samnu. Wanda ya san hanyar Jufra ya san da ka bar Sabha ka wuce Tamanhint, Samnu ce a gabanka kafin Zighan, tafiyar kimanin sa'a guda a mota. Amma sai da muka yi wata goma ban taka ƙofarsa ba. Kullum sai saƙon murya ta WhatsApp: yaya aiki, yaya zafi, ina nan tafe. Shi kuma ya amsa da lafiya lau, Allah ya kawo ka.

Uzuri kuwa ba a rasa shi. Lokacin da ake buɗe makarantu shi ne lokacin kakar dabino, ni ina fama da rajista da shirin darasi, shi yana bisa itace tun asuba. Da wannan ya wuce sai jarrabawa, sai duba takardu, sai darasin yamma na neman cefane. Juma'a da Asabar da ake hutu a nan Libiya, ɗaya ta wanki da barci, ɗaya ta aikin da ya taru.

Ran nan bayan sallar Juma'a wani direba ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, yaya ƙafar mutumin naka?" Na ce wace ƙafa? Ashe mako uku ke nan da ya faɗo daga kan dabino ya karye. A cikin makonnin nan uku mun yi gaisuwar waya har sau biyu, bai faɗa mini ba, ni ma ban ji komai a muryarsa ba. Washegari na shiga mota. Da na yi sallama ya ɗago kai ya yi murmushi ya ce, "A'a, Malam, ashe kana ƙasar?" Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na tambaye shi dalilin ɓoye mini, ya ce, "Na ga kana da aiki, ban so in ɗora maka wani ba." Waɗanda suka kai shi wurin ɗori, suke dafa masa abinci, suka riƙe masa aikinsa don kada mai gona ya sa wani, 'yan'uwa ne na Damagaram da Tawa da Agadas waɗanda suke haɗuwa shan shayi kowace Juma'a da la'asar. Ba su fi ni sonsa ba, sun dai fi ni zuwa, shi ya sa da suka ga gurbinsa babu kowa suka bi sawu.

Mu tuna wannan hanya ba yau Bahaushe ya san ta ba. Ayarin fatake ya yi ɗaruruwan shekaru yana ratsa Sahara tsakanin Kano da Tarabulus, wasu ta Agadas da Ghat da Ghadames, wasu ta Bilma da Murzuk. Ta Murzuk ɗin Clapperton ya bi a 1822 kafin ya isa Kano da Sakkwato a 1824. Tafiyar watanni ce a kan raƙumi, amma falke bai wuce gidan mai masaukinsa bai sauka ba, domin a kan wannan sanayyar ake ba da bashi, ake barin ajiya. Mu da mota ta mayar wa tafiyar yini biyu ta zama ta sa'a guda, mu ne muke cewa babu lokaci.

A kwalejin horon malamai an koya mana cewa darasin da ba a sa shi a jadawali ba, ba a koyar da shi, kome muhimmancinsa. Zumunci ma haka yake. In ka bar shi sai ran da ka samu sarari, to ka bar shi ke nan, don aiki ba ya ƙarewa. Saboda haka na ɗauki alƙalami na rubuta Samnu a Asabar ɗin farko ta kowane wata, daidai yadda nake rubuta lissafi a safiyar Lahadi. In na je kuma ba na tashi sai an sha shayi zagaye na uku, mai gyaɗar nan, domin sai a nan ne mutum yake fara faɗin abin da ke damunsa.

Kai ma mai karatu, akwai wanda ka daɗe kana ce wa kana nan tafe. Waya ta isar da gaisuwa, amma ba ta ganin karaya. Magabata sun ce zumunci a ƙafa yake, ka sa masa rana tun ƙafar tana ɗaukarka.

Aminin nawa ya fara takawa da sanda, alhamdu lillahi. Allah ya bar mu da zumunci, amin. Sai wani watan in Allah ya kai mu.