Dutsen Dala Banɗaki Yake Buƙata, Ba Motar Igiya Ba

Da zarar zancen yawon buɗe ido ya taso a Kano, a majalisar bakin titi ne ko a shirin rediyon da ake bugo waya, ba a nisa sai wani ya ja numfashi ya ce ai mu ba mu da komai. Sai ya kawo Dubai, inda tun 2005 aka gina wurin zamiyar ƙanƙara a cikin kantin sayayya. Wani alhajin ya tuna motar igiyar da ya hau a Ɗa'ifa. Wani ya ce ku dubi Obudu. Daga nan sai a yanke hukunci: in ana son baƙi su zo, sai gwamnati ta fitar da biliyoyi, a kafa wa Dala motar igiya, a ɗora ƙaton otal a Goron Dutse, a kira kamfanin waje ya zana mana sabon birni. Wannan ra'ayi ya yi jijiya har ba a jin mai musa shi. To ni ina musu, kuma hujjata daga wurin mutanen da motar igiya ce abincinsu zan ɗauko ta, wato masu garuruwan zamiya na duwatsun Turai.

A can, idan hunturu ya shiga dusar ƙanƙara ta lulluɓe duwatsu, zamiya ce sana'ar gari sukutum. Mutum ya ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, igiya ta kai shi sama, ya gangaro a guje. Kowane gari yana da dutsensa, kowanne yana da igiyarsa, don haka ba a nan gasar take ba. Idan masu zuwa suka zauna kwatanta Chamonix ta Faransa da Zermatt ko St. Moritz na Suwizalan, tsawon dutse ɗan ƙaramin kaso ne a lissafinsu. Tambayoyinsu na yau da kullum ne. Minti nawa ka ɓata a layi? Da ka sauka daga jirgin ƙasa, ka gane hanyar masauki ko sai da ka yi ta bulayi? Akwai mai koya wa yaro ɗan shekara biyar? Kakar yaran, wadda ba ruwanta da zamiya, ta samu inda za ta zauna ta sha shayi? In ƙafa ta karye, yaushe masu ceto za su iso? Kuɗin da aka rubuta, shi aka karɓa? Ranar baƙo gaba ɗaya ake aunawa, tun daga isowarsa har komawarsa.

Da tsawo ne ma'auni, da Chacaltaya ta Bolibiya ce sarauniya, domin ta haura mita 5,000. Ƙanƙararta ta narke ƙarƙaf a 2009, wurin ya mutu. Ita kuwa St. Moritz, labarin farkonta da ake bayarwa na mai masauki ne. A 1864 wani mai otal, Johannes Badrutt, ya ce wa baƙinsa Ingilishi su dawo da hunturu, in ba su ji daɗi ba shi zai biya kuɗin tafiyarsu. Suka dawo, suka daɗe, suka koma suka ba da labari. A lokacin babu igiya ko ɗaya a dutsen. Zermatt kuma, wadda ke gindin Matterhorn, babban abin da ta yi wa baƙonta shi ne hani: motar fetur ba ta shiga garin. Ka ajiye motarka a wani ƙauye da ke ƙasa, ka shiga jirgi, a cikin gari kuwa sai ƙafa ko 'yan ƙananan motocin lantarki. Doka ce, ba gini ba.

Kada wani ya ce ai ba mu taɓa gwada hanyar manyan gine-ginen ba. An gwada. Obudu ta fara a 1951 a matsayin gonar kiwon shanu a kan tsauni, a 2005 gwamnatin Donald Duke ta kafa mata motar igiya mai tsawon kusan kilomita 4, aka yi ta yayatawa. Bayan nan igiyar ta sha tsayawa ana jiran gyara, ga hanyar zuwa daga Kalaba mai cin awoyi. Tinapa, wurin kasuwanci da shaƙatawa da aka buɗe a 2007 da buri mai girma ta zama abin buga misali da kango. A nan gida, marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ya gina otal a bakin tafkin Bagauda da wani a kan dutse a Tiga. Mutum ne mai hangen nesa, ba na rage masa komai. Amma otal ɗin Bagauda yau makarantar horar da lauyoyi ce. Ginin bai gaza ba, riƙon ne ya gaza. Gini kwangila ce ta sau ɗaya, akwai bikin buɗewa, akwai allo mai sunan gwamna, akwai kuma rabon da kowa ya sani. Shara da gyaran famfo da albashin mai gadi kuwa kullum ne, kuma babu mai yanka kintinkiri a kansu. Wannan ne ya sa ra'ayin biliyoyi ke da farin jini a wurin masu mulki, kuma abin takaici shi ne talakan da ba zai ga ko sisi ba shi ke taya su tallarsa.

Yanzu mu dubi abin da ke hannunmu. Dala ba dogon dutse ba ne, mai lafiya zai haye shi kafin shayinsa ya huce. Amma daga samansa ana ganin abin da biliyoyin Dubai ba za su saya ba. A nan ne tarihin Kano ya ce Barbushe ya zauna yana hidimar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda a 999, kuma masu tonon ƙasa sun samu alamar narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Ka juya ka ga Goron Dutse, ka ga hasumiyoyin babban masallaci da faɗin Gidan Rumfa. Ka sauko ka ratsa lunguna zuwa Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ga Madabo ta malaman Wangarawa, ga Sharifai da ake danganta asalinta da zuwan Shehu Magili. Ga Gidan Makama. Ga karofin Ƙofar Mata, inda har yau ake tsoma zane a baba, a kai mabuga a buge shi har ya yi ƙyalli. Ga abin da ya rage na ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12. Duk wannan a cikin tafiyar yini guda, yawancinta da ƙafa. Turawa matafiya ma sun zo, Clapperton a 1824, Barth a 1851, ba wanda ya yi musu alƙawarin otal.

Sai mu yi wa wannan yini irin tambayoyin da ake yi wa Zermatt, mu ji amsa. Baƙo ya sauka a Adaidaita a gindin Dala. Ina allon da zai nuna masa mashiga? Wa ke da alhakin karɓar kuɗi, kuma nawa ne, a rubuce? In da matarsa da 'ya'yansa mata ya zo, wane banɗaki zai nuna musu? Jaridu sun sha rubuta yadda wasu suka mai da sassan dutsen wurin bahaya da maɓoyar 'yan shaye-shaye, da yadda zaizaya ke cin gefensa, gidaje kuma sun matse gindinsa. Ya kai sama da rana tsaka a watan Afrilu, ina inuwa, ina benci, ina ruwan sha? Wanda zai ba shi labarin, horarre ne ko duk wanda ya riga isowa? A Kurmi zai yi ta tsallen kwata, babura na yi masa ham a lungun da mutum biyu ba sa jerawa. A ganuwa zai tarar an kwashe ƙasarta an yi bulo, an yanka wani wurin an yi shaguna, wani wurin ya zama juji. Tsohuwar Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka mai da ta ta siminti. Tun 2007 ganuwar ke cikin jerin jiran UNESCO, kuma kowace damina abin da za a je a nuna yana raguwa. A cikin duk waɗannan, wanne ne motar igiya za ta gyara? Sai dai ta ɗaga baƙo sama ya fi ganin bolar da kyau.

Birnin da ya kamata mu auna kanmu da shi Fas ne ta Maroko, ba Dubai ba. Tsohon birni ne mai ganuwa da lunguna irin namu, na Musulmi 'yan kasuwa da malamai, UNESCO ta sa shi a jerinta tun 1981. Majemarsu wari take, kamar kowace majema. Ba su rushe ta sun gina ta gilashi ba. Masu shagunan fata da ke kewaye sun buɗe benayensu, baƙo ya hau ya kalli aikin daga sama, a miƙa masa ɗan ganyen na'ana'a ya kare hanci, in ya sauko ya sayi jaka ko takalmi. Tsofaffin gidaje aka gyara suka zama masaukai. Masu rakiya suna da lasisi. Mota ba ta shiga cikin lungunan. Kusa da mu ma, Agadas ta shiga jerin a 2013 da ginin ƙasa da hasumiyar laka, ba da marmara ba. Mu kuwa mai kuɗinmu in ya gaji gidan soro mai zanko da daɓe, abin da ya fara yi shi ne kiran katafila.

Akwai kuma kuskure a kan wane ne baƙon. Masu zancen biliyoyi Bature suke hangowa da kyamara a wuya. Baturen zai zo jefi-jefi, in tsaro ya yi kyau, kuma matsalar tsaro gaskiya ce da ba na raina ta. Amma baƙin Kano na ainihi suna nan kullum. Fatake ne daga Damagaram da Maraɗi da Chadi da Kamaru da ke sari a Kantin Kwari da Dawanau. Ɗalibai ne da malamansu ke lodowa a bas. Masu yi wa ƙasa hidima ne daga kudu. 'Yan rakiyar amarya ne da suka gama biki suna neman inda za su kashe yamma. Har da yaron da aka haifa a Hotoro ko Sharaɗa wanda bai taɓa taka Dala ba, alhali ya san sunan kowane kanti a Dubai. Waɗannan ba otal mai tauraro biyar suke nema ba. Wurin alwala mai tsabta suke so, da inda za su zauna su ci gurasa bandashe ba ƙuda, da tabbacin ba mai ƙwace musu waya, da farashin da ba ya canzawa saboda an ji harshensu ya karye.

Kuma ba gwamnati kaɗai zan ɗora wa ba. Kuɗin banɗaki huɗu da rumfa biyu da allunan bayani cikin Hausa da Ajami da Turanci da Faransanci bai kai abin da wani attajirin unguwar ke kashewa a kamun 'yarsa ba. Masu unguwanni da 'yan kwamitin masallatai sun iya haɗa sintiri in ɓarayi sun dame su, sun iya haɗa gayyar yashe kwata kafin damina. Samarin da ake tsoro a gindin dutsen, su ne suka fi kowa sanin lungunansa, kuma wanda aka ba riga da kati da kaso daga kuɗin shiga zai tsare wurin fiye da ɗan sandan da aka turo daga wani gari. Jami'ar Bayero tana da sashen tarihi da zai iya horar da masu rakiya a cikin hutu guda. Abin da ke wuyan gwamnati shi ne abin da ita kaɗai ke iyawa: ta hana yankan ganuwa ko ɗan waye ya nema, ta keɓe wasu lungunan Kurmi daga babura a wasu sa'o'i, ta sa kuɗin shara da gyara a kasafi kowace shekara, ta kuma sake shi.

Sai babbar kadararmu, hawan sallah. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, muka yi ta murna. Amma a babbar sallar da ta gabaci wannan karramawa, a watan Yunin 2024, 'yan sanda sun hana hawa saboda rikicin sarauta, a ƙaramar sallar 2025 ma aka sake hanawa. Garuruwan zamiya suna sanar da ranar buɗewarsu watanni kafin lokaci, domin mutum sai ya nemi hutu, ya kama ɗaki, ya biya jirgi. Mu muna da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa da Hawan Ɗorayi da Fanisau, kwanaki a jere da babu kamarsu, amma sai ana saura kwana kaɗan ake sanin za a yi ko ba za a yi ba. Masu otal sun yi asara, masu ɗinkin kayan doki sun yi, masu sai da ruwa da lemo a bakin hanya sun yi. Wanda kuma ya biya jirgi daga Legas ko Landan ya zo ya tarar da Ƙofar Kudu ta gidan sarki shiru, baɗi wani garin zai nufa.