Ba a Zuba Iri Duka a Rumbu Ɗaya

A 1996 aka fara ganin wata cutar daji a fuskokin shaiɗanin Tasmaniya, dabbar Ostireliya mai goyon 'ya'yanta a jakar ciki. Cizo ke yaɗa cutar, kuma ta yi wa dabbar mummunar ɓarna. Gwamnati ba ta zauna jiran magani ba. A 2012 ta kwashe lafiyayyu zuwa tsibirin Mariya, domin iri ya tsira.

Nijar ma ta yi wannan hange. Raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996. Da suka farfaɗo, aka kai takwas Gadabeji a jihar Maraɗi a 2018, don kada annoba ɗaya ko fari ɗaya ya share su.

Manomin Tambuwal ya daɗe da sanin wannan hikima a kan irin gero. Saura ma'aikatar muhalli ta Sakkwato ta ƙidaya namun da suka rage a dazuzzukan Kebbe, ta keɓe musu mafaka, ta sa su a kasafi. Dabbar da ta ƙare, kuɗi ba ya dawo da ita.