Filin golf mafi kyau a duniya: su wa suka jefa ƙuri'a?

Kowace shekara sai a ji an kaɗa tambari daga Turai ko Amurka, wai an zaɓi filin wasan golf na masaukin shaƙatawa wanda ya fi kowane kyau a duniya. A duniya fa, da duk faɗinta. Mujallu su cika shafunansu da hotunan ciyawa koriya shar a bakin teku, masu otel su rataya lambar yabo a zaure, kamfanonin yawon buɗe ido su ƙara wa tikiti kuɗi. To, tun da su da kansu suka kira abin zaɓe, wajibi ne a yi masa tambayoyin da ake yi wa kowane zaɓe: su wa ke da katin ƙuri'a, wa ya ƙidaya, kuma su wa aka bari a waje?

Ga wanda bai san wasan ba, golf ƙaramar ƙwallo ce da ake bugawa da sanda mai lanƙwasasshen kai, ana bin ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya, a cikin fili wanda yakan kai hekta 50 ko fiye. Filin masaukin shaƙatawa kuwa shi ne wanda aka haɗa da otel, da wuraren cin abinci, sau da yawa har da gidajen sayarwa, domin baƙo ya zo daga nesa ya kwana ya buga ya biya. Mafi suna a cikinsu shi ne Pebble Beach na jihar Kalifoniya, wanda aka buɗe a 1919. A 2024 zagaye ɗaya a can dalar Amurka 675 ne, wato wajen jika 400 na kuɗin sefa, abin da ya fi albashin wata tara na ƙaramin ma'aikaci a Nijar, ban da kuɗin ɗaki. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa. Mai kuɗi da kuɗinsa. Amma yana nuna irin mutanen da ake nufi idan an ce "duniya".

Masu naɗa wannan sarauta iri biyu ne. Akwai mujallun wasan, irin su Golf Digest da ta fara jera filayen Amurka tun 1966, da Golf Magazine mai jerin filaye 100 na duniya. Kowace tana da alƙalanta, ƙwararrun ƴan wasa da ke yawo fili fili suna ba da maki a kan yadda filin ke gwada gwanintar mai bugu, da bambancin ramuka, da lafiyar ciyawa, da kyan gani. Sau da dama alƙalin baƙon mai fili ne, a teburinsa ya ci abinci. Sai kuma masu bikin raba kofuna, kamar World Golf Awards da aka fara a 2014, inda ake jefa ƙuri'a ta intanet, kowace ƙasa da kowace nahiya da nata kofin, har kusan kowa ya koma gida da abin ratayawa, bikin ma a irin waɗannan masaukai ake yin shi. A duk takardun makin nan babu layin da aka rubuta: daga ina ruwan ya fito? Filin na wa ne kafin a shuka ciyawa? Maƙwabci fa, me ya ce? Ɗan takara da alƙali da mai talla duk ƴan gida ɗaya ne, abincinsu daga tukunya ɗaya yake fitowa.

Wani zai ce ai wasa ne, mene ne na ɗaga murya. Da laƙabin a zauren otel yake tsayawa, da ba wanda zai kula. Sai dai kalmar "mafi kyau a duniya" mabuɗi ce da ake buɗe ofisoshin gwamnati da ita, a samu fili da ruwa da izinin da doka ta hana. Wanda ke shakka ya dubi abin da ya faru a Menie, arewa da birnin Abadin na ƙasar Sikotlan.

A 2006 Donald Trump, wanda a lokacin ɗan kasuwar gine-gine ne kawai, ya sayi wannan yanki na bakin teku, ya kuma yi shelar cewa zai gina filin golf da ya fi kowane a duniya. Tun ba a sa fartanya a ƙasa ba an riga an naɗa sarki. Alkawarin da ya biyo baya ya cika kunne: jarin fam miliyar 1, aikin yi ga mutum 6,000, otel mai ɗaki 450, gidajen hutu 950, da wasu gidaje 500. Matsala ɗaya ce. Wani ɓangare na wurin tuddan rairayi ne masu shekaru dubbai, irin masu tafiya, waɗanda iska ke turawa ƴan mitoci kowace shekara, kuma doka ta sa su cikin wuraren da aka kare saboda darajarsu ga ilimi. Hukumar kula da muhalli ta ƙasar ta ce kada a taɓa su. A watan Nuwamba na 2007 kwamitin majalisar gundumar ya zauna, ƙuri'a ta yi kunnen doki, bakwai da bakwai, sai shugaban kwamitin, Martin Ford, ya jefa tasa a kan ƙin amincewa.

Nan ne aka ga ƙarfin laƙabi. Cikin kwanaki kaɗan Alex Salmond, shugaban gwamnatin Sikotlan kuma ɗan majalisar wannan yanki, ya gana da wakilan Trump. Washegari gwamnati ta karɓe maganar daga hannun gunduma. Kafin shekara ta ƙare abokan aikin Martin Ford sun tsige shi daga shugabancin kwamiti, laifinsa shi ne ya bi ƙa'idar da su da kansu suka rubuta. A watan Nuwamba na 2008 ministan kuɗi John Swinney ya sa hannu, da hujjar cewa amfanin tattalin arziki ya rinjayi ɓarnar da za a yi. Wa zai so a ce shi ne ya hana ƙasarsa samun fili na ɗaya a duniya?

Aka kawo manyan motoci, aka baje wasu tuddai, aka dasa ciyawa don a ɗaure rairayin ya daina tafiya. Ƴan tsirarun mazauna wurin da suka ƙi sayar da gidajensu suka sha zaman zullumi, domin an yi ta maganar a tilasta musu sayarwa da ƙarfin doka; da hakan bai yiwu ba, sai aka tara ƙasa aka dasa itatuwa a gefen gidajen wasunsu don kada baƙi su gan su. Wani manomi da tsohuwar mahaifiyarsa suka wayi gari ruwansu ya yanke bayan aikin hanya ya taɓa bututun. Ɗan jaridar da ya je ɗaukar labarin a 2010, Anthony Baxter, ƴan sanda suka sa masa ankwa, ko da yake daga baya an janye ƙarar; fim ɗinsa ya fito a 2011. Aka buɗe fili a 2012, kuma shekara ɗaya bayan haka ga shi cikin jerin 100 na duniya na Golf Magazine. Alƙalai sun yaba tuddan, sun ce kyansu ya isa. A watan Disamba na 2020 kuwa hukumar muhalli ta cire wannan ɓangare daga jerin wuraren da aka kare, saboda abin da ake karewa ya riga ya tafi. Tudu ɗaya, alƙalan wasa sun ba shi maki, masana sun yi masa jana'iza.

Alkawuran fa? Romon baka. Otel mai ɗaki 450 ba a gan shi ba, masaukin da ke wurin bai kai ɗaki 30 ba. Ma'aikata ba su kai 200 ba, balle 6,000. Kamfanin da ke riƙe da filin ya yi fiye da shekara goma a jere yana bayyana asara a takardunsa. Salmond ma da aka yi daɗi da shi, faɗa ya raba su a kan injinan samar da wuta da iska da aka so kafawa a teku daura da filin. Trump ya kai ƙara har kotun ƙoli ta Birtaniya, ya faɗi a 2015.

Mutanen Menie sun yi sa'a, da takarda aka yi nasu rikicin. A Tepoztlán ta ƙasar Meziko, a 1995, jama'ar gari suka mamaye ofishin magajin gari don hana gina irin wannan masauki a kan filin al'umma, cikin gandun da aka kare, inda ruwan sha ma bai wadata ba. Sai da ƴan sanda suka harbe mutum ɗaya a watan Afrilu na 1996 kafin kamfanin ya janye.

Maganar ruwa ita ce tafi tsaya wa mutumin Sahel a rai. Kwarin Coachella na Kalifoniya, inda garin Palm Springs yake, hamada ce da ruwan samanta a shekara bai fi na Agadas ba, amma akwai filayen golf wajen 120 a cikinsa, da yawansu na masaukai. Fili ɗaya a can yana iya shan fiye da lita miliyan 3 a rana. Idan aka ɗauki lita 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyasta wa mutum ɗaya don sha da girki da wanka, to ruwan mutum 60,000 ke nan ake fesa wa ciyawar da ba dabbar da za ta ci. Matar da ta kwana a layin pampo a Damagaram ba ta bukatar a yi mata bayanin wannan lissafi. Gaskiya ne wasu filayen da ruwan kwata da aka tace suke ban ruwa, amma wasu daga ƙarƙashin ƙasa suke ja, wasu daga kogin Kolorado, wanda gwamnatin Amurka ta ayyana ƙarancin ruwa a kansa karo na farko a 2021. A Faransa, cikin farin 2022, lokacin da ƙauyuka fiye da 100 ke jiran motar tanki ta kawo musu ruwan sha, kuma aka hana talaka shayar da lambunsa, an bar wa filayen golf damar ci gaba da jiƙa ciyawar bakin rami. Wasu masu fafutuka kusa da birnin Tuluz suka cika ramukan da siminti. Ɓarna ce, ba wanda zai musa. Sai dai wanda ya raba ruwa da son kai shi ya fara tsokana.

Masu kare harkar suna da hujja, kuma ba a banza take ba. Suna nuna Bandon Dunes na jihar Oregon, da aka buɗe a 1999 a yankin da sana'ar katako da kamun kifi suka durƙushe, wanda ya zama cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a wurin. Suna cewa Pebble Beach tun 1994 da ruwan da aka tace yake sha. Madalla. Ashe ke nan ana iya yin abin da kyau, ana kuma iya auna shi. To me ya sa ba a sa shi cikin maki? Me ya sa takardar shaidar kula da muhalli take can gefe, ta ga-dama, alhali sarautar da ke kawo kuɗi ba ruwanta da ita? Lita nawa fili ya sha a shekara, daga wace rijiya, hekta nawa aka karɓa daga hannun wa, mutum nawa ƴan gari ke aiki kuma a kan nawa: duk lambobi ne da ke cikin littafin kowane manaja, sun ma fi "kyan gani" sauƙin ƙidaya.

Abin dariya shi ne asalin wasan bai san wannan almubazzaranci ba. Tsohon filin St Andrews, wanda duk ɗan golf ke kira gidan kakanni, makiyayar gari ce ta bakin teku inda tumaki da zomaye suka yi aikin yankan ciyawa. Takardar 1552 ta tabbatar wa mutanen garin haƙƙinsu a kansa, kuma har yau yawancin ranakun Lahadi ba a wasa, jama'a ke yawo a ciki da karnukansu. Pinehurst na jihar Karolina ta Arewa, ɗaya daga cikin tsofaffin masaukan golf na Amurka, har 1935 bakin ramukan filinsa mai lamba 2 yashi ne da aka daddaɓe, irin wanda aka yi a filin Rio Bravo kusa da Yamai, inda ɗan wasa kan ɗauki ɗan guntun darduma ya aza ƙwallo. Tsakanin 2010 da 2011 masu Pinehurst suka tuge wajen hekta 14 na ciyawa, suka mayar da yashi da tsirran daji, ruwan da filin ke sha ya ragu da fiye da rabi. Da aka yi babbar gasar Amurka a kansa a 2014, filin ya fito a talabijin ja-ja-ja kamar gona bayan girbi, manyan ƴan wasa suka buga ba wanda ya rasa komai. Cikin waɗanda suka fito fili suka kushe shi don ba shi da kyan gani har da mai filin Menie.

A ƙarshen watan Yuli na 2025 Trump, yana shugaban Amurka karo na biyu, ya koma Menie ya yanke ƙyallen buɗe fili na biyu, masu talla kuma suka sabunta kirari, wai yanzu ramuka 36 ne da suka fi kowaɗanne a duniya. John Swinney, wanda ya sa hannu a 2008, a lokacin ya zama shugaban gwamnatin Sikotlan. A cikin wannan wata gwamnatinsa ta sanar da ware fam 180,000 daga kuɗin jama'a don tallafa wa gasar da za a buga a filin.