A Koya wa Yara Abin da Ke Bayan Latsawa

Tun daga 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, ɗalibin Hanwa da ke son shiga Jami'ar Ahmadu Bello ba shi da makawa sai ya san kwamfuta. Sai dai abin da aka fi koya masa shi ne ya riƙe linzami ya latsa inda aka nuna masa. A ganina wannan ya yi kaɗan.

Darasin da ya dace a fara da shi ƙarami ne: yaro ya tsara manhajar da za ta zana da'ira ja, wadda in an latsa ta za ta koma koriya. Kafin ya ci nasara dole ya gane cewa manhajar tana zaune ne tana jiran labari. Da an latsa, sai a sanar da ita inda kibiyar take da lambobi biyu, ita kuma ta auna ko wurin yana cikin da'irar. Shi kansa launin lambobi uku ne, na ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. In ya cika ja da kore sai ya ga rawaya, abin da marini zai musanta, domin shi rini yake haɗawa, allon kuwa haske.

Kuɗi ba hujja ba ne. Manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta ce, tana kuma aiki ba tare da intanet ba. Kwamfuta ɗaya ta ishi yara uku su yi karɓa-karɓa.