Gyaran Zanen Bekta: Sana'ar Da Ta Dace Da Ma'abota Alƙalami

 Wannan magana ce zuwa ga alarammomi da gardawa masu rubutu, da kuma attajirai da 'yan kasuwa masu kai aiki maɗaba'a, a kan wata sana'a wadda ta shigo gari ta zauna da gindinta, watau gyaran zane a cikin kwamfuta. Da yawa daga masu yin ta ba su san baƙi da wasali na rubutun allo ba, waɗanda suka sani kuwa sun ja da baya suna kallo daga nesa. Muddin aka zauna a haka, wanda bai san harafi ba shi zai riƙa yanke hukunci a kan siffar harafi.

Sai a fara da sanin cewa hoto a cikin kwamfuta iri biyu ne. Na farko shi ne wanda wayar hannu ko injin kwafe takarda ke ɗauka. Shi wannan tarin ƙwayoyi ne ƙanana masu launi, an jera su sahu-sahu kamar ɗinkin hula, daga nesa a ga zane, in an matso a ga zare ɗai-ɗai. Yawan ƙwayoyin nan ƙayyadadde ne tun ran da aka ɗauki hoton, saboda haka in aka ce za a ƙara masa girma domin allon talla, sai ya yi dishi-dishi, gefen harafi ya yi haƙora kamar zarto. Na biyu shi ne wanda Turawa ke kira bekta. Shi babu ƙwayoyi a cikinsa, awo kurum aka ajiye, cewa layi ya tashi daga nan, ya lanƙwasa kaza, ya sauka can. Ko an mai da shi kamar ƙwayar gero, ko an mai da shi kamar ƙofar gari, kwamfuta sai ta sake lissafin awon ta zana shi sabo, gefensa sumul.

Misalin aikinsa shi ne misalin magini in zai fitar da harsashin ɗaki, ya kafa turaku ya ja igiya tsakaninsu. A zanen bekta kowane layi yana da turakunsa, kuma a jikin turke akwai wasu hannaye waɗanda ba su fitowa a bugu, mai gyara kaɗai ke ganinsu. In ya juya hannu, layin ya bi inda aka nuna. In ya tsawaita shi, lanƙwasar ta ƙara zurfi, kamar yadda baka ke tanƙwaruwa in an ja tsirkiya. Turaku biyu da hannaye biyu sun isa su fitar da lanƙwasa ɗaya. Turke kuma iri biyu ne: mai kusurwa, inda layi ke karyewa ya sake hanya kamar kan dal, da mai sulɓi, inda layi ke wucewa ba tare da karaya ba kamar cikin nun. Duk sana'ar a kan sanin inda za a kafa turke da yadda za a ja hannu ta tsaya.

Asalin wannan lissafi daga maƙeran mota na ƙasar Faransa yake. Paul de Casteljau ya fitar da shi a kamfanin Citroën a 1959, Pierre Bézier kuma na kamfanin Renault ya bayyana shi ga jama'a a shekarun 1960, domin a sami hanyar auna lanƙwasar jikin mota, shi ya sa har yau da sunan Bézier ake kiran irin wannan layi. Daga baya aka sa shi cikin manhajojin zane: Adobe Illustrator ta fito a 1987, CorelDRAW ta ƙasar Kanada a 1989, Inkscape kuma, wadda kyauta ce ga kowa, a 2003. Amma fa auna harafi da ɗigo ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Ibnu Muƙla, wazirin halifofin Abbasiyawa a Bagadaza, wanda ya rasu a 328 ta Hijira, daidai da 940, shi ake danganta wa ƙa'idar auna tsawon alif da ɗigon alƙalami, sa'an nan a zana da'ira mai faɗin tsawon alif ɗin, a riƙa gwada sauran haruffa da ita. Wanda ya fahimci wannan ya riga ya kama hanyar fahimtar turke da hannu.

To, me ya sa abin ya shafi alarammomi? Rubutun ƙasar Hausa da Barno yana da hukunce-hukuncen da rubutun Gabas ba shi da su. Fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf tana da ɗaya a bisa, alhali kuwa a rubutun Gabas ɗigo ɗaya a bisa alamar fa ce. Nun ta ƙarshen kalma sau da yawa akan bar ta babu ɗigo. Akwai ɗigon yamala a ƙarƙashin harafi, akwai jan tawada domin wasali, rawaya domin hamza, kore domin alif na wasali. Yaron shago wanda bai yi allo ba, in aka ba shi rubutu irin wannan ya tsabtace, yana iya ɗaukar ɗigon yamala ya zaci datti ne ya share, ko ya ga nun babu ɗigo ya ce an manta ya ƙara mata. In kuwa ya ajiye rubutun hannun ya sake bugawa da haruffan Gabas, sai ɗan kasuwa ya rubuta farin wake, mai saye ya karanta ƙarin wake. Wannan a kan buhu abin dariya ne, amma a cikin littafin fiƙihu ko na addu'a ba abin dariya ba ne, balle a cikin Mus'hafi.

A da ba a san wannan damuwa ba. Tun wajen shekarun 1950 marubuta a Kano suke rubuta littafi da hannunsu, maɗaba'a ta ɗauki hotonsa ta buga, a kai Kasuwar Kurmi a sayar, harafin da alƙalami ya ajiye shi ke fitowa a takarda. Ta wannan hanya Alƙur'anin da Sharif Bala Gabari ya rubuta ya bazu cikin makarantun allo. Yau kuwa kusan kowane aiki sai ya ratsa ta cikin kwamfuta kafin ya isa injin bugu, nan ne ake ƙara girma, a rage, a raba launuka, a gyara inda tawada ta malale. Ashe ke nan an sami sabon hannu tsakanin marubuci da mai karatu, kuma tilas ne a tambaya hannun wane ne.

Wani zai ce ai manhajojin nan suna da dabarar bin sawun hoto da kansu su mai da shi bekta cikin ƙiftawar ido. Gaskiya ne suna da ita, sai dai dabarar ba ta san harafi ba, duhu da haske kurum take bi. Takan kafa turaku barkatai a kan layin da huɗu za su ishe shi, ta toshe idon mim da na wau in tawada ta yi yawa, ta haɗe ɗigo da jikin harafi in sun kusanci juna, ta kuma jefar da ƙananan alamu in an umurce ta ta share ƙura. Abin da ta fitar ɗanyen aiki ne, sai mai ido ya zauna ya bi shi harafi-harafi.

Koyon abin bai fi ƙarfin wanda ya iya fiƙe alƙalami ba, in an bi shi daki-daki kamar yadda ake bin babbaƙu kafin farfaru. Ya fara da miƙaƙƙen layi da da'ira har hannunsa ya saba da linzamin kwamfuta. Sa'an nan ya ɗauki hoton harafi ɗaya na rubutun malaminsa, ya shimfiɗa shi a ƙasa ya kulle, ya riƙa bin gefensa na waje da na ciki da alƙalamin manhaja. Ya kiyaye ƙa'ida ɗaya wadda gwanayen sana'ar suka haɗu a kanta, watau ƙarancin turaku shi ne kyan layi, kuma a kafa su a ƙarshen lanƙwasa, can ƙololuwarta ta bisa da ta ƙasa da ta dama da ta hagu. Bayan wannan ya koyi haɗe siffa biyu su zama ɗaya, da yanke wata daga cikin wata, da haka ake huda idon harafi. Ya kuma ajiye baƙi a shimfiɗa dabam, ja dabam, rawaya da kore dabam, domin mai bugu ya sami sauƙin raba launi. Zayyana ita ce ta fi daɗin aiki, gama mai zane yakan fitar da rubu'i ɗaya, ya juya shi dama da hagu, bisa da ƙasa, sai ga ta cikakkiya kusurwoyinta daidai wa daida.

'Yan kasuwa su ma suna da rabonsu a nan. Tambarin da ake bugawa a kan buhu da rasit da allon shago dukiya ce, kuma sau da yawa mai ita yakan biya kuɗin zane a ba shi hoto kurum a waya, ainihin fayil ɗin bekta ya zauna wurin mai shago. Ran da suka saɓa, ko kwamfutar shagon ta lalace, sai a sake biyan wani ya zana, tambari ya fito da wata kama, masu saye su shiga shakka ko jabu ne. Saboda haka duk wanda ya ba da aikin tambari ya sa sharaɗi tun wurin ciniki cewa za a ba shi fayil ɗin asali, ko CDR na CorelDRAW, ko AI na Illustrator, ko kuwa SVG wanda manhajoji da yawa ke buɗewa. Ya kuma nemi a mai da rubutun da ke ciki zane kafin a kai wata maɗaba'a, domin haruffan Larabci sukan wargaje ko su juya baya in kwamfutar can ba ta da irinsu. Injin yankan sitika ma layin bekta yake bi da wuƙarsa.

Akwai masu tsoron cewa wannan zai kashe alƙalami, kuma tsoron nasu yana da tushe, gama in yaro ya tarar da haruffa a shirye ba lalle ya jure wahalar allo ba. Amma a duba Mus'hafin Madina, wanda maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe a 1984 take bugawa: asalinsa rubutun hannun Usman Ɗaha ne, injin yaɗa shi kurum ya yi. A duba kuma haruffan kwamfuta da ake kira Alkalami, waɗanda ƙungiyar SIL International ta fitar a 2017 bisa kamannin rubutun Kano. Aiki ne mai amfani, sai dai abin lura ne cewa daga waje aka zo aka yi shi, alhali masu rubutun suna nan da ransu. Kowane gwani yana da hannunsa, na Barno dabam, na Kano dabam, kuma hannun da ba a mai da shi bekta ba zai wuya ya shiga bugun zamani da siffarsa. Masu ƙyamar abin saboda maganar sura kuwa, sai su lura cewa harafi da zayyana da tambari ba siffar mai rai ba ne.

Duk da haka akwai iyakoki. Kada a miƙa linzami ga wanda hannunsa bai nuna a allo ba, gama mai gyara ba ya iya fitar da lanƙwasar da idonsa bai sani ba. Kada kuma sauƙin kwafe ya sa a mai da alamun izu sittin duka iri ɗaya, bayan magabata sun saba ƙawata su da zane dabam-dabam. Abin da ya shafi Alƙur'ani kuwa, ko da harafi ɗaya aka taɓa, kada a buga sai mahaddata sun bi shi da ido kamar yadda ake yi wa rubutun hannu, kuma takardun gwaji da suka lalace a maɗaba'a a kiyaye alfarmarsu, kada a bar su a ƙasa ko su koma ƙunshin ƙosai.

Abin da ya rage shi ne taimakon juna. Alaramma ya zaɓi gardi ɗaya ko biyu masu kyan hannu da natsuwa ya ba su izini, attajirin unguwa ya sayi kwamfuta ko da ta hannu ce, a sa mata Inkscape tun da ba a biyan kome, a sami mai shago amintacce ya koya musu. Gardi ya sami sana'ar da ba ta raba shi da karatunsa ba, attajiri ya sami mai yi masa tambari a gida, rubutun malamai kuma ya shiga injin ta hannun wanda ya san haƙƙinsa. Allah Ya sa a gane, Ya yi wa alƙalami da ma'abotansa albarka, amin. Haza wasalam.